Inbata Na Tsinkewa Da Rana Tsaka? Kafin Ka Taɓa Saiti, Je Ka Karanta Allon Taransfoma

Matsala biyu ake samu a wuraren da aka haɗa sola ko janareta da layin kamfanin wuta, amma a kan ɗaya kawai ake kiran injiniya. Wadda ake kira a kanta ita ce inbata ta riƙa yanke kanta alhali wutar NEPA tana nan, yawanci daga hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ta fi ƙarfi. Ɗayar kuwa mai wurin bai ma san tana faruwa ba: an buɗe bureka a tasha, amma injinsa ya ci gaba da tura wuta cikin layin. Ta farko asarar kuɗi ce. Ta biyu tana iya kashe ma'aikacin da ya hau falwaya da yaƙinin cewa layi a mace yake. Kuma sau da yawa gyaran gaggawa da ake yi wa ta farko shi ke buɗe wa ta biyu ƙofa.

Yanayi na biyun shi injiniyoyi ke kira tsibiri: wani yanki na layi ya rabu da babban layin ƙasa, amma yana nan da wuta domin akwai mai samar da ita a cikinsa. Ƙa'idar IEEE 1547, wadda ta fito a 2003 aka sabunta ta a 2018, ta ce dole injin ya gane hakan ya daina bai wa layi wuta cikin daƙiƙa 2. IEC 62116 kuma ita ta tsara yadda ake gwada inbatar sola a kan wannan, kuma lambarta ce kake gani a takardar shaidar da ke zuwa cikin kwali. Sai dai gwajin ana yin sa ne a ɗakin gwaji, inbata ɗaya da lodin da aka tsara mata. Babu taransfoma mai delta, wato mai naɗi uku da aka haɗa baki da baki kamar siffa mai kusurwa uku, a tsakani, babu injin casar shinkafa da ke ci gaba da juyawa bayan an ɗauke wuta.

Abin da rile yake gani

Rile, wato na'urar kariya da ke ba da umarnin yanke wuta, ba ya ganin burekar tasha, alamu kawai yake karantawa. Boltej ya faɗi ko ya hau, wato lamba 27 da 59 a lambobin da ake kiran ayyukan rile da su. Firikwensi ya fita daga iyaka, 81U da 81O. Firikwensi yana sauyawa da sauri, wato RoCoF, 81R. Ko kusurwar boltej ta yi tsalle farat ɗaya, lamba 78. Dukkansu a kan abu ɗaya suka dogara: bambancin da ke tsakanin abin da injin ke samarwa da abin da lodin yankin ke ci a lokacin da aka yanke. In bambancin na da yawa, boltej da firikwensi za su watse nan take, kowane rile zai kama. In sun yi kusan daidai, babu abin da zai motsa.

Ga lissafi da janareta mai ƙarfin 1MVA wanda nauyin juyawarsa, H, daƙiƙa 1.5 ne. Saurin sauyin firikwensi shi ne bambancin lodi, sau 50, a raba da 2H. In bambancin kashi 10 cikin ɗari ne, za ka samu 0.1 × 50 ÷ 3, wato kusan 1.67Hz a daƙiƙa. In kashi 3 ne, 0.5Hz a daƙiƙa. Rilen da aka saita a 1Hz a daƙiƙa zai kama na farko, na biyu kuwa ya wuce shi bai sani ba, ga kuma gwamnan janaretan, na'urar da ke daidaita gudunsa, yana ta ƙoƙarin mayar da firikwensi 50.

Inbatoci na zamani suna da ƙarin dabara: suna ɗan tura firikwensi gefe da gangan. In babban layi yana nan, ba zai gusa ba. In babu shi, firikwensi zai bi turin har ya kai iyaka a yanke. Dabarar tana aiki sosai, amma ƙarfinta yana raguwa in akwai manyan motoci masu juyawa a yankin, ko tarin kafasita na gyaran fawa-fakto, ko inbatoci na kamfanoni daban-daban da kowace ke turawa nata ɓangaren. Masana'antu irin na Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano suna iya haɗa duka ukun a harabar guda.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: na'urar hana tura wuta waje ba kariyar tsibiri ba ce. Aikinta ma shi ne ta sa abin da inbata ke samarwa ya yi daidai da lodin gidan, wato ainihin yanayin da rile ke makancewa in aka yanke daga bakin shigowar wutar gidan.

Tsinkewa alhali wuta tana nan

Mataki na farko shi ne a buɗe tarihin kurakuran inbata a rubuta lambar kuskure, lokaci, da abin da ta auna. Yawancin abin da ake ɗora wa kariyar tsibiri, in ka duba, hawan boltej ne kawai.

Dalilinsa a fili yake. Inbata sai ta ɗaga boltej ɗinta sama da na layi kafin wuta ta fita daga gare ta. Ɗauki inbata mai kilowat 100 a kan bolt 400: tana fitar da kusan amfiya 144. In aka ja ta mita 150 da kebul ɗin alminiyam mai kauri 70mm², wanda juriyarsa 0.443 om ce a kilomita, boltej zai hau da kusan bolt 9.6 a kowane fes tsakanin taransfoma da inbata, fiye da haka ma in kebul ɗin ya yi zafi. To, a ce taransfomar 11/0.415kV ce, tana ba da 240 a fes in layi lafiya lau yake. Mai 11/0.433kV kuwa 250 take bayarwa. Ƙara 9.6 a kan 250, ka wuce 253, iyakar da yawancin inbatoci ke yankewa, wato kashi 110 cikin ɗari na 230.

Sannan ga batun tap, wato makunnin da ake ɗaga ko rage boltej ɗin taransfoma da shi. Taransfomomin rarraba wuta suna da matakai biyar, kowanne kashi 2.5 cikin ɗari. Da yake boltej ɗin 11kV yakan faɗi da daddare a wurarenmu, akan juya tap ɗin zuwa inda zai ɗaga wutar ɓangaren ƙasa, wato na ƙaramin boltej, a bar shi haka shekara da shekaru. Da rana, lodi ya ragu, sola na turawa, sai boltej ya haura. Gyaran shi ne a sa na'urar naɗar boltej ta kwana bakwai a ga mafi sama da mafi ƙasa, sannan a zaɓi tap ɗin da zai ɗauki duka biyun. Ba a juya wannan tap sai an kashe taransfomar ta ɓangarorin biyu an yi mata atin, wato an haɗa ta da ƙasa, kuma yanzu da akwai inbata, ɓangaren ƙasan ma mai kawo wuta ne. In kebul ne matsalar, mai 150mm² zai rage hawan zuwa kusan bolt 4.5. In ba a son sake ja, a kunna tsarin da inbata ke shan ƙarfin riyaktif, wato ƙarfin da ke kai-komo a layi ba tare da yin aiki ba, lokacin da boltej ya hau, duk da cewa a kan gajeren kebul na ƙaramin boltej tasirinsa kaɗan ne, domin juriya ta fi riyaktans yawa.

Dalili na biyu shi ne lambar ƙasa, wato saitin dokar layin wata ƙasa, da aka zaɓa a inbata ranar da aka kunna ta. Dokar layin Najeriya ta ce firikwensi ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25 a yanayi na yau da kullum, ya iya kaiwa 48.75 zuwa 51.25 in layi na cikin matsi. Duk wanda ya taɓa barin mita a kan layin ya san yana yawo sosai. Saitin IEC 61727 yana yankewa a 49 da 51. Saitin Jamus na VDE-AR-N 4105 ba ya yankewa sai 47.5 ko 51.5, amma daga 50.2 yake fara rage wuta da kashi 40 cikin ɗari a kowane 1Hz. Don haka in ka ga rana tana ƙwallewa, babu kuskure a allo, amma inbata na ba da kashi 80 na abin da ya kamata, duba firikwensi. A 50.7 daidai abin da aka umarce ta take yi.

A nan ne ake kuskure. Mai gyara ya shiga da lambar sirri, ya kai iyakar boltej 270 ko 280, ya buɗe firikwensi daga 45 zuwa 55, ya kashe kariyar tsibiri gaba ɗaya, inbata ta daina tsinkewa, kowa ya yi murna. An gudu daga gara ne an faɗa gidan zago. Faɗaɗa iyakar firikwensi zuwa 47.5 da 51.5 ko 52 abu ne da za a iya kare shi da hujja, in kamfanin rarraba wuta ya amince a rubuce. Kashe dabarar turin firikwensi kuwa babu hujjar da za ta ɗauke shi.

Matse saiti fiye da kima shi ma yana da nasa sharrin. Ranar 9 ga Agusta 2019 tsawa ta faɗa kan layin 400kV a Ingila, tashar iska ta Hornsea da tashar gas ta Little Barford suka fita, ƙananan injuna na kusan megawat 500 suka bi su domin rilensu na tsallen kusurwa da na RoCoF sun ɗauka tsibiri ne. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka rasa wuta. Tsohon saitin nasu 0.125Hz ne a daƙiƙa. Ƙa'idarsu ta G99 ta mayar da shi 1Hz a daƙiƙa da jinkirin rabin daƙiƙa, ta kuma hana amfani da tsallen kusurwa a sababbin haɗi. A layi mai rauni irin namu, inda tayar da babbar mota ko kunna taransfoma a maƙwabta ke girgiza kusurwa, ra'ayina shi ne kada a dogara da lamba 78 sam.

Dyn11 da fes ɗin da ya taɓa ƙasa

Yanzu ga babban al'amarin. Kusan duk taransfomar rarraba wuta da za ka gani a kan falwaya ko a kan dakali a Najeriya, allonta Dyn11 ya ce. Naɗin sama, na babban boltej, delta ne, ba shi da nutural. Naɗin ƙasa tauraro ne, wato naɗi uku da suka haɗu a tsakiya ɗaya, nutural ɗinsa na haɗe da atin. Ga mai karɓar wuta kawai, wannan tsari ne mai kyau. Ga mai mayar da wuta cikin layi, akwai rami a ciki.

Atin na layin 11kV a wuri ɗaya yake: nutural ɗin babbar taransfomar tasha. A ce waya ɗaya ta tsinke ta faɗi ƙasa, ko reshen bishiya ya kwanta a kanta da damina. Rilen tasha ya ga karant ɗin ƙasa, ya buɗe burekar fida, wato layin da ya taso daga tasha zuwa yankinku. Daga wannan lokacin layin ya rabu da atin ɗinsa. In janaretanka yana nan a haɗe, shi ke ciyar da layin ta naɗin delta, kuma delta ba ta da hanyar da karant ɗin ƙasa zai dawo. Abubuwa uku sai su faru lokaci guda.

Karant ɗin laifin ya koma kusan sifili, ɗan abin da kafasitans ɗin wayoyi ke bari kawai. Rilen karant na ƙasa, 51N, ba zai ga komai ba, fis ma ba zai ƙone ba.

Fes biyun da suke lafiya boltej ɗinsu zuwa ƙasa ya hau sau 1.73. A layin 11kV, daga 6.35kV zuwa 11kV cif. A 33kV, daga 19kV zuwa 33kV. Arestar tsawa mai lamba 9kV, wadda abin da take jurewa na dindindin 7.65kV ne, ba za ta daɗe a haka ba. In ana yawan samun aresta ta fashe a fidar da ke da injin samar da wuta, kuma ba lokacin hadari ba, nan ya kamata a fara duba.

Na uku shi ne mafi muni: ɓangaren bolt 415 bai san abin da ke faruwa ba. Naɗin delta boltej ɗin fes zuwa fes yake gani, shi kuwa bai sauya ba. Don haka rile ko inbatar da ke auna wuta a ɓangaren ƙasa za ta ga fes uku lafiya lau, alhali a can waje waya mai wuta tana kwance a bakin hanya.

Gaskiya ne cewa inbata ba ta kai janareta mai juyawa haɗari a nan ba. Ita karant take turawa, kuma in lodin da ya rage a fidar ya fi ƙarfinta sosai, boltej zai rushe ta fita da kanta. IEEE 1547 ta 2003 ta ambaci wani ma'auni da har yanzu ake amfani da shi: in jimillar ƙarfin injunan bai kai kashi ɗaya bisa uku na mafi ƙarancin lodin yankin ba, tsibiri ba zai tsaya ba. A lura, mafi ƙarancin lodi aka ce. Ga sola, wannan na nufin rana tsaka ta ranar hutu, ko lokacin sallar Juma'a da injuna ke kashe, kuma yankin da ake magana shi ne mafi ƙanƙantar guntun layi da za a iya ware shi da wani makunni a hanya. Tashar sola mai megawat 10 irin ta Kumbotso a Kano, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, ko ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, ba a tambayar ko suna buƙatar cikakkiyar kariya. Inda ake sakaci shi ne mai kilowat 300 zuwa megawat 1 a ƙarshen doguwar fida mai ƙaramin lodi.

Maganin shi ne rile 59N, mai auna gocewar nutural, kuma dole a auna a ɓangaren sama. Ana buƙatar taransfomomin awo, VT, guda uku masu fes ɗaya-ɗaya, ko guda ɗaya mai ƙafa biyar. Mai ƙafa uku ba ta yi, domin ƙarfen cikinta ba shi da hanyar da maganaɗisun wannan boltej zai bi. Naɗin sama a haɗa shi tauraro, a kai tsakiyarsa atin. Naɗin da aka keɓe don wannan aiki, mai bolt 110/3, a jera ukun delta a bar kusurwa ɗaya a buɗe, nan rile zai zauna. In layi lafiya yake, boltej uku suna kashe juna, ka ga bolt kaɗan ko sifili. In fes ɗaya ya kwanta a ƙasa sosai a layin da ba shi da atin, bolt 110 zai bayyana. VT ɗin su kasance masu jure sau 1.9 na boltej, na daƙiƙa 30 in tabbas za a yanke, na awa 8 in ba tabbas. Masu 1.2 ko 1.5 za su cika da maganaɗisu su yi zafi. A kuma sa razista a bakin buɗaɗɗiyar deltar gwargwadon abin da mai ƙera VT ɗin ya faɗa, don kashe girgizar ferorezonans da kan taso tsakanin VT da kafasitans ɗin kebul.

Saitin kansa sai da natsuwa. Rilen zai ga laifin ƙasa na kowace fida da ke kan tasha ɗaya da kai, ba taka kaɗai ba, har sai an buɗe burekar waccan fidar. Don haka a auna boltej ɗin da ke tsaye a bakin deltar a ranar da komai lafiya, a sa matakin kamawa sama da shi da tazara mai kyau, sannan jinkirin ya fi lokacin da rilen maƙwabciyar fida ke ɗauka, amma ya gaza lokacin da ake sake mayar da wuta. In akwai rikiloza, wato bureka mai mayar da wuta da kanta, lokacinta shi ne iyakarka. In ma'aikacin tasha ne ke gwada mayarwa da hannu, to a sa wa burekar fidar makullin da ba zai bari ta rufe ba sai VT ɗin layi ta nuna babu wuta. Rufewa a kan tsibirin da ya goce yana iya haɗa boltej har ninki biyu, kuma shaft ɗin janareta da naɗinsa ne ke biya. Ga manyan injuna, hanya mafi tabbas ita ce saƙon yankewa kai tsaye daga tasha ta fayiba ko rediyo: burekar fida na buɗewa, taka ma ta buɗe.

In aka juya naɗin fa?

Wasu kan ce a sayi YNd, tauraro mai atin a sama, delta a ɓangaren injin. Hakan yana kashe hawan boltej, domin layin yana da atin ko da tasha ta fita. Amma taransfomarka ta zama wata majiyar karant ɗin ƙasa ga dukkan layin, ko injinka a kashe yake, muddin tana haɗe. Laifin ƙasa a ko'ina, za ta ba da nata kason. Rilen tasha sai ya ga ƙasa da abin da ya saba gani, ya yi jinkiri ko ya kasa kama laifin da ke nesa. Fis ɗinka ko burekarka kuma su riƙa fita saboda laifin wata fida. Rashin daidaiton lodin fes uku na layin ma zai riƙa zagayawa cikin deltar yana dafa ta. Ana rage wannan da riyakta a nutural, a zaɓe ta yadda rabon X0, riyaktans ɗin hanyar karant ɗin ƙasa, da X1, na hanyar karant ɗin yau da kullum, ba zai wuce 3 ba, wanda ɗaya ne daga sharuɗɗan a kira layi mai ingantaccen atin. Wannan ba shawarar da mai gida zai yanke shi kaɗai ba ce, sai an zauna da injiniyan kariya na kamfanin rarraba wuta an sake lissafin rilensu.

YNyn kuwa, mai tauraro da atin a ɓangarorin biyu, tana wuce da abin da ke sama zuwa ƙasa, don haka rile na ƙasa yana ganin laifin, amma komai ya koma kan yadda aka yi wa janaretan atin, kuma hamonik na uku, wato karant mai ninkin firikwensi sau uku, yana samun hanya.

Fes ɗaya ya fita

Wannan ya fi laifin ƙasa yawan faruwa a wurinmu: fis ɗaya na sama ya ƙone, ko jamfa ta saki. A Dyn11 marar injin, alamar sananniya ce: fes ɗaya na ƙasa yana nan 240, biyun sun koma wajen 120 kowanne, gwargwadon lodinsu. In inbata mai fes uku tana aiki kuma abin da take bayarwa ya yi kusa da lodin, tana iya sake gina boltej ɗin fes ɗin da ya fita ta cikin taransfomar. Mita ta nuna komai daidai, wayar da kowa ke ɗauka a mace take tana da wuta. Rile 47 mai auna rashin daidaiton boltej da 46 mai auna na karant su ke taimakawa, kuma rilen boltej ya auna kowane fes daban, ba matsakaicin ukun ba. In kebul na ƙarƙashin ƙasa ne ke kawo wa taransfomar wuta kuma lodi kaɗan ne, fita ko shigar fes ɗaya-ɗaya yana iya tayar da ferorezonans. Shi ya sa wurin da ke da injin samar da wuta ya cancanci bureka mai yanke fes uku tare, ba fis uku da ake ɗagawa da sanda ɗaya bayan ɗaya ba.

Digiri talatin

Lamba 11 da ke ƙarshen Dyn11 tana nufin boltej ɗin ƙasa yana gaban na sama da digiri 30. In rilen daidaitawa, lamba 25, yana karɓar boltej ɗin layi daga VT ta 11kV, na janareta kuma daga bolt 415, dole a gaya masa wannan bambancin. In ba haka ba zai ba da izinin rufewa a lokacin da ake da tazarar kusan kashi 52 cikin ɗari na boltej. Alamarsa ita ce bugu mai ƙarfi da girgizar injin a duk lokacin da aka haɗa, ko da allo ya nuna an daidaita. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ware janaretan, a rufe bureka ta yadda VT biyun za su sha daga majiya ɗaya, rilen ya nuna kusurwa sifili. Haɗa Dyn1 da Dyn11 a layi ɗaya kuwa tazarar digiri 60 ce, cikakken boltej ɗin fes ke nan a tsakaninsu. Kada a yarda da allo kaɗai in taransfomar an taɓa sake mata naɗi, a auna.

Janaretan gida bayan cenjoba

An ɗauke wuta, inbata ta fita daidai, janaretan dizal ya tashi, cenjoba ta juya. Bayan jinkirin dawowa, wanda yake kamawa daga daƙiƙa 20 zuwa minti 5 gwargwadon saiti, inbata ta ga boltej da firikwensi masu kyau, ta ɗauka NEPA ce, ta shigo da duk ƙarfinta. In lodin gidan bai kai abin da take bayarwa ba, ragowar sai ta koma cikin janaretan. Ko dai rile 32, mai kama wutar da ta juya baya, ya fitar da shi, ko boltej ya haura, ko AVR, na'urar daidaita boltej ɗinsa, ta ƙone. Ko bai kai haka ba, injin dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa yana tara ɗanyen mai a salansa. Hanya biyu ce: a haɗa inbatar ta ɓangaren NEPA na cenjoba ta yadda ba za ta taɓa ganin janaretan ba, ko a sa mita a bakin janaretan da na'urar da za ta riƙa rage inbata don a bar masa kashi 30 ɗinsa. In an sa, a duba kibiyar CT, taransfomar awon karant. In ta juya baya, na'urar za ta ƙara wuta a lokacin da ya kamata ta rage.

Gwaji kafin a miƙa aiki

Takardar masana'anta ba ta wadatar ba, sai an gwada a wurin, da sanin kamfanin rarraba wuta da masu duba na NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan wuta a Najeriya. A sa na'urar naɗar boltej, a daidaita lodi har karant ɗin da ke wucewa ta bakin shigowa ya yi kusa da sifili, sannan a buɗe babbar bureka. A maimaita a cikakken ƙarfi, a wajen kashi 60, a wajen kashi 30, kamar matakan IEC 62116. Kowanne ya mutu cikin daƙiƙa 2. Buɗe bureka lokacin da gida ke jan wuta mai yawa daga layi ba gwaji ba ne, ko inbatar da aka kashe wa kariya za ta ci shi. Kowane rile na waje a gwada shi da na'urar allurar boltej, har a ji bureka ta buɗe da gaske, a kuma duba batirin da ke buɗe ta, domin lokacin da ake buƙatarsa babu wutar layi.

Ga 59N, mita ta hannu a bakin buɗaɗɗiyar delta tana gaya maka abubuwa da yawa. In ka ga wajen bolt 73 a layi mai lafiya, an juya kan naɗi ɗaya. In wajen 37 ne, fis ɗin sama na VT ɗaya ya ƙone. In sifili ne cif, kada ka yi saurin sa hannu a takarda: je ka bi wayar da ta taso daga tsakiyar tauraron sama ka tabbatar ta isa sandar atin. In ba ta isa ba, sifilin nan za ka gani ko da waya tana kwance a ƙasa.